Sawakin: Tsibirin Murjani da Alhazan Ƙafa Suka Ratsa

A gaɓar Bahar Maliya ta ɓangaren Sudan, kimanin kilomita 60 kudu da birnin Bur Sudan wanda Turawa ke kira Port Sudan, akwai wani ɗan tsibiri kewayayye da mai ƙafa zai zagaye cikin ƙasa da awa guda. Sunansa Sawakin. Baƙon da ya ƙetara gajeriyar hanyar da ta haɗa shi da tudu zai tarar da tarin fararen duwatsu ko'ina, da ragowar bangayen benaye, da hasumiyoyin tsofaffin masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, da kyanwoyi suna kai da kawowa a cikin kufai. Ruwan da ya kewaye shi shuɗi ne garai-garai. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023, Turawan da ke zuwa nutso a tekun sukan ware yini guda su zo su ɗauki hotunan kangayen, kashegari su koma kallon kifaye.

Kaɗan ne daga cikin waɗannan baƙi suka san cewa Hausawa na da rabo a tarihin wurin. Tsawon zamani, Sawakin ce ƙasar Afirka ta ƙarshe da dubban maniyyata daga Kano, Katsina, Zazzau, Sakkwato da Barno suke takawa kafin su hau ruwa zuwa Jidda. Wasu sun iso ta bayan shekara biyu a hanya, wasu bayan goma, wasu kuma 'ya'yan da aka haifa musu a hanya ne suka ƙarasa niyyar.

Garin da halittun ruwa suka gina

Labarin Sawakin ya faro ne daga ƙarƙashin ruwa. Bahar Maliya teku ce mai ɗumi, mai gishiri fiye da akasarin tekuna, kuma babu wani kogi mai gudu rani da damina da ke zuba mata laka. Irin wannan ruwa shi murjani ke so. Murjani wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne da ke zama jingim a wuri guda, kowace tana gina wa kanta kwanso na farin dutse. Idan ta mutu sai wata ta ɗora nata a kai, a haka har a sami katangar dutse mai tsawon ɗaruruwan kilomita a bakin gaɓa. Katangar nan kan farke cikin duk jirgin da ya kuskure hanya, shi ya sa mashiga mai aminci take da tsada a wannan teku. A Sawakin an dace da wata siririyar mashiga mai zurfi da ta ratsa katangar, ta buɗe zuwa wani kwantaccen ruwa da iska ba ta tayar da shi, tsibirin kuma yana zaune a tsakiyarsa.

Da wannan dutsen na murjani aka gina garin. Ana saro shi daga gaɓa, a sassaƙa, a jera, a riƙa gitta itace tsakanin jeri da jeri don ginin ya riƙe, sannan a shafe shi da farar ƙasa. Attajirai sun ta da gidaje masu hawa biyu da uku, da manyan tagogin katako masu sassaƙa da suka ɓullo waje, waɗanda ake kira roshan. Ta cikinsu iskar teku ke shiga, matan gida kuma su ga titi ba tare da an gan su ba. Wanda ya taɓa zagaya tsohuwar unguwar Balad a Jidda ya ga irin wannan gini, domin maginan gaɓoɓin biyu salonsu ɗaya.

Abin da tsibirin ya rasa shi ne ruwan sha. Ibn Battuta, wanda ya sauka a can wajen 1330, ya ba da labarin cewa babu rijiya babu shuka a kansa, da jirage ake kawo ruwa, sai kuma tankunan da ke tara na sama. Ya kuma ce ya tarar da wani sharifi, ɗan Sarkin Makka, yana sarautar wurin, alamar cewa tun a wancan zamani Sawakin ta fi fuskantar Hijaz fiye da ƙasar da ke bayanta. Mutanen garin har yau suna ba da tatsuniyar cewa a nan Annabi Sulaimanu, Alaihis Salam, yake tsare kangararrun aljanu.

Tauraron garin ya haska sosai a ƙarni na 15, bayan rushewar Aizab, tashar da ke arewa wadda alhazan Masar suka daɗe suna bi. Turkawan Daular Usmaniyya sun ci Masar a 1517, Sawakin ta shiga hannunsu, a 1555 kuma ta zama mazaunin hukumar sabon lardinsu na Habash. A 1541 rundunar jiragen Fotugal ta shigo mashigar, wani hafsa a cikinta mai suna João de Castro ya rubuta cewa jirage na jingina da tsibirin ta kowane gefe, a shimfiɗa katako daga jirgi zuwa ɗakin ajiyar ɗan kasuwa a yi ta sauke kaya. Daga cikin ƙasa, ayarin raƙuman kabilun Beja na kawo ƙaro, hauren giwa, gashin jimina, filasko, fatu, man shanu da dawa daga Sinnar, Shandi da Barbar. Daga teku kuma ana shigo da tufafin Indiya, turare da kayan yaji. Akwai wani ciniki da bai kamata a ɓoye ba: Sawakin ta kasance babbar mafitar bayi zuwa kasuwannin Larabawa har ƙarshen ƙarni na 19.

Masu tafiya gabas

Manyan sarakunan Afirka ta Yamma da suka yi hajji a da, irin su Mansa Musa a 1324 da Askiya Muhammadu a ƙarshen ƙarni na 15, hamada suka keta zuwa Alƙahira. Hanya ce ta mai raƙumi da dukiya. Talaka ya sami tasa hanyar ne bayan da Musulunci ya kafu a Bagarmi, Wadai, Darfur da Sinnar, aka sami jerin ƙasashen Musulmi tun daga tafkin Chadi har bakin teku. A wannan hanya akwai ƙauyuka, akwai rijiyoyi, akwai gonakin da mutum zai yi ƙwadago, don haka mai sanda da gora da ɗan buhun guzuri ma zai iya ɗaura niyya.

Wani matafiyi ɗan Suwizalan, Johann Ludwig Burckhardt, wanda ya yi shigar Musulmi yana amsa sunan Shehu Ibrahim, ya bi ayari daga Shandi zuwa Sawakin a 1814 tare da irin waɗannan maniyyata, waɗanda mutanen yankin ke kira Takari. Ya bayyana su a matsayin mutane masu juriya, suna tafiya ƙungiya-ƙungiya a ƙasa, da yawansu almajirai ne da ke ci da rubutun laya da addu'a. Tare da wasunsu ya hau jirgin katako ya ƙetare zuwa Jidda.

Zuwan Turawa ya mayar da wannan 'yar ƙorama kogi. Bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas, jama'a suka bar gonaki da gidaje suka bi shi. Ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar, amma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har bakin kogin Nilu mai shuɗi, kusa da Sinnar, inda suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno. Garin ya zama babban zango. Duk wanda ya taso daga ƙasar Hausa ya san akwai inda zai sauka ya ji harshensa, ya ci tuwo, ya huta kafin ya fuskanci teku.

A ɗauki misalin manomin Rigachikun, kusa da Kaduna, da ya yi niyya a shekarun 1930. Zai biya basussukansa, ya yi wasiyya, ya bi dangi gida-gida yana neman gafara, domin ba kowa ke dawowa ba. Layin dogon da ya isa Kano a 1911 ta garinsu ya ratsa, saboda haka in yana da kuɗin tikiti zai rage hanya zuwa Kano, ko ma har Nguru inda reshen dogo ya tsaya a 1930. Daga nan sai ƙafa da jaki: Yerwa, Fort Lamy wadda ita ce Injamena ta yau, Abashe ta ƙasar Wadai, Adre, Jinaina, Fashir, har Al-Ubayyid ta Kurdufan, inda dogon Sudan ya iso tun wajen 1912. Duk inda guzuri ya ƙare, nan zai yada zango ya yi damina. Masu sana'a sun fi samun sauƙi: wanzami, mai yankan farce, maɗinkin hula, ɗan ga-ruwa, mahauci. Gasasshen naman da ake sayarwa a titunan Khartum da Madani da sunan agashe, hannun Hausawa ne ya kai shi can.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe katafariyar gonar auduga ta Jazira, wadda ke bukatar dubban hannaye a lokacin tsinka. Maniyyata suka zama ƙashin bayan wannan aiki, haka ma a gonakin auduga na Kasala da na Tokar da ke kudu da Sawakin. Mutum zai ce bari ya yi kaka ɗaya ya haɗa kuɗin jirgi, sai kaka ta zama biyar, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma an daɗe ɗin. Wani masani ɗan Ghana, C. Bawa Yamba, ya zauna da Hausawan ƙauyukan Jazira, ya wallafa littafi a kansu a 1995. Ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen da ba su taɓa ganin Najeriya ko Makka ba, amma suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar hajji.

Wanda ya iso Sawakin bai gama da wahala ba. Cutar kwalara ta sha bin alhazai ta bazu a duniya, don haka hukumomin mulkin mallaka suka kafa sansanin killace maniyyata a nan. Sai an yi wa mutum lamba, an duba takardunsa, ya biya kuɗin jirgin tururi na zuwa da dawowa, kafin a bar shi ya hau. Tsakanin Sawakin da Jidda kimanin kilomita 300 ne kawai, amma ga wanda aljihunsa ya bushe, nisan ya fi duk wanda ya baro a baya. Da yawa sukan sulale da dare zuwa wata ɓoyayyiyar gaɓa, ko su gangara Musawwa ta ƙasar Eritiriya, su biya masu sambuk, wato jiragen katako da iska ke turawa, a ƙetarar da su a sace. Wasu sun isa lafiya. Wasu duwatsun murjani suka farfasa jiragensu. Wasu an zubar da su a busasshiyar gaɓa nesa da ruwan sha, wasu kuma, musamman yara da mata, sun faɗa hannun masu cinikin bayi, domin Saudiyya ba ta haramta bauta a hukumance ba sai a 1962.

Yadda garin ya mutu a tsaye

Ƙarshen ƙarni na 19 ya zo wa Sawakin da arziki da yaƙi a haɗe. A 1865 Turkawa suka miƙa ta ga Masar, a 1869 aka buɗe mashigin Suwes, jiragen Turai suka cika Bahar Maliya. Aka gina ofishin kwastan da na waya da sababbin benaye, a 1877 kuma Gordon, hafsan Ingilishi da ke gwamnan Sudan a madadin Masar, ya sa aka yi hanyar da ta haɗa tsibirin da tudu. Sai ga tawayen Mahadi. Kwamandansa na gabas, Usman Digna, wanda ɗan garin ne, ya tara mayaƙan Hadandawa, ɗaya daga kabilun Beja, ya tsare hanyoyin ayari shekara da shekaru, aka gwabza a El Teb da Tamai a 1884. Garin bai faɗa hannunsa ba, domin Ingilishi sun kewaye shi da ganuwa da sansanoni, hafsansu Kitchener ma ya yi gwamna a nan daga 1886 zuwa 1888, har yau akwai ƙofar da ke ɗauke da sunansa. Amma ciniki ya karye.

Abin da yaƙi ya fara, murjani ya ƙarasa. Mashigar da ta wadaci jiragen katako ta yi wa manyan jiragen tururi ƙunci, ga duwatsu hagu da dama, ga ƙarancin ruwan sha. Ingilishi suka zaɓi wata mashiga mai faɗi a arewa, wurin kabarin wani waliyyi da ake kira Shehu Bargut, suka fara gini a 1905, aka buɗe Bur Sudan a 1909. Kamfanoni da bankuna da attajirai suka kwashe ɗaya bayan ɗaya, kafin ƙarshen shekarun 1920 tsibirin ya zama kusan kango.

Ginin murjani halinsa ɗaya da gidan ƙasa: in ana yaɓe shi a kai a kai zai ga jikoki, in aka bar shi damina kaɗan ta ishe shi. Da masu gidajen suka tafi, farar ƙasa ta ɓare, laima da gishiri suka shiga dutsen, itacen da ke riƙe da shi ya ruɓe, benaye suka riƙa zubewa da kansu. Wani malamin zane, Jean-Pierre Greenlaw, ya auna gidajen ya zana su tun suna tsaye, littafinsa ya fito a 1976. Yawancin abin da ya zana yanzu a takarda kawai ake ganinsa.

Alhazai ne suka riƙe sauran numfashin garin, domin sansanin killacewa ya ci gaba da aiki bayan 'yan kasuwa sun watse. Su ma zamani ya canza musu hanya. A 1948 wasu attajiran Kano, Mahmud Ɗantata da Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da motoci, tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Jirgin sama ya biyo baya, a 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa. Yau maniyyacin Rigachikun mota zai shiga zuwa sansanin alhazai na Mando, ya tashi daga filin jirgin Kaduna, cikin awa huɗu zuwa biyar ya sauka a ƙasa mai tsarki. Ta saman Bahar Maliya yake wucewa, sau da yawa cikin dare, ba tare da ya ga ruwan ba.

Sababbin baƙi masu gilashi da bututu

Duwatsun da suka kori jiragen tururi su ne suka jawo wani sabon iri na baƙi. A 1963 Bafaranshen nan mai binciken teku, Jacques Cousteau, ya kafa wasu ɗakuna a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, arewa da Bur Sudan, inda mutanensa suka zauna wata guda a zurfin mita 10. Fim ɗin da ya yi a kan wannan gwaji ya ci kyautar Oscar, ragowar ginin kuma na nan a ƙasan ruwa. Kusa da tashar Bur Sudan akwai jirgin Italiya mai suna Umbria, wanda matuƙinsa ya nutsar da gangan a watan Yunin 1940 don kada Ingilishi su ƙwace bama-bamai kimanin 360,000 da yake ɗauke da su. Murjani ya lulluɓe shi, kifaye sun mai da shi gida, kuma wani sashensa yana dab da saman ruwa. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya tsibirin murjani na Sanganeb, da yankin Dungunab da tsibirin Mukawwar, cikin wuraren gado na duniya.

Kallon wannan duniya ba sai da tukunyar iska a baya ba. Mai iyo yakan sa gilashin da ke rufe ido da hanci, ya kama lanƙwasasshen bututu a baki wanda kansa ke leƙowa sama, ya sa faffaɗan takalmin roba, ya kwanta rubda ciki a kan ruwa yana numfashi yana kallon ƙasa. Zai ga murjani mai rassa da mai faɗi, kifaye rawaya da shuɗi da ja, kunkurun ruwa, da wani kifi mai bakin aku da ke gurgurar dutsen yana fitar da shi farin yashi. A Dungunab akwai wata dabbar ruwa 'yar'uwar ayun da masuntan Binuwai da Kwara suka sani. Ƙa'idar masu wannan sha'awa ita ce a kalla kada a taɓa, domin wani murjanin santimita guda kacal yake ƙaruwa a shekara, taku ɗaya na iya karya abin da ya fi mai takun shekaru.

Ita kanta Sawakin ta ɗan farfaɗo. A 1991 aka buɗe sabuwar tasha a bakin mashigar da sunan Usman Digna, daga nan jiragen fasinja da na dabbobi ke kwana ɗaya su wayi gari a Jidda, kuma alhazan Sudan, ciki har da jikokin Hausawan Jazira da Kasala, suna bin ta har yanzu. Hukumar TIKA ta Turkiyya ta gyara masallatan nan biyu da ofishin kwastan. A watan Disambar 2017 Shugaba Erdoğan na Turkiyya ya ziyarci tsibirin tare da shugaban Sudan na lokacin, Umar al-Bashir, aka sanar da ba Turkiyya damar sake gina shi, lamarin da ya ta da hankalin Masar da Saudiyya. Al-Bashir ya faɗi a 2019, yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, gwamnati ta koma Bur Sudan da zama a lokacin, yawon buɗe ido kuma ya tsaya cik.

Gyaran bangayen Sawakin aikin Sudan ne da abokanta idan Allah ya kawo zaman lafiya. Akwai wani gyaran da ke wuyan mutanen ƙasar Hausa. Waɗanda suka bi hanyar ƙasa a shekarun 1940 da 1950, ko aka goyo su a kanta, saura ƙalilan, kuma a gidaje da dama a Rigachikun, Zariya, Kano da Maraɗi akwai tsofaffin da ke riƙe da sunayen zangogi, da labarin kawun da ya tafi gabas aka daina jin ɗuriyarsa. Takardun Turawa kan sha'anin hajji suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, Gidan Arewa kuma na da masanan da za su iya haɗa su da abin da ke bakin mutane. Ya kamata hukumomin alhazai na jihohi su ware wani abu don wannan aiki, ɗaliban tarihi su shiga unguwanni da na'urar ɗaukar magana, duk mai irin wannan tsoho a gida kuma ya zauna da shi ya naɗi labarin a wayarsa tun a wannan shekara.